Ingarma da Jaki a Kwaltar Ambursa

Kukansa ne ya riga shi isowa. Muna zaune a rumfar wani bakanike a bakin titin Ambursa, ana ɗaure wa babur ɗina birki, sai muka ji wata ƙara daga wajen Birnin Kebbi kamar ana yage sabon yadi. Kafin mu ɗaga kai ya wuce. Abin da idona ya kama bai fi jan fenti da bayan mutum a duƙe ba, ya kwanta a kan tanki kamar ƙadangare a jikin katanga. Awakin da ke kiwo a gefen hanya suka watse, wata yarinya mai tallar gyaɗa ta dafe farantinta, ƙura ta biyo baya a makare.

Wani dattijo da ke jiran a yi masa facin taya ya girgiza kai.

"Wanga ai makara ce aka sa ma taya," in ji shi.

Bakaniken bai ko ɗago ba. Ya ce, "Baba, Allah shi ja kwana, na daɗe ga wanga titi. Duk wanda na ga an kwasa nan gabana, bisa Boxer aka kwashe shi."

Nan gardama ta kaure, har aka gama aikina ban tashi ba. Kowannensu yana da gaskiya a hannu, kuma na daɗe ban ga gaskiya biyu sun ƙi zama a tabarma ɗaya kamar ranar ba. Ina hanyar gida abin ya dawo mini da jakin gidanmu.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan fadamar Rima ya taɓa faɗowa daga kan jaki. Ni kam ban san adadi ba. Ka ɗora masa mangalar taki za ka gona, ka haye bayan mangalar, ya ga jaka a nesa ko kare ya yi masa haushi, ya yi tutsu, sai ga ka a ƙasa kana kakkaɓe riga. A yi maka dariya, ka sake hawa. Ingarma kuwa yawancinmu daga nesa muke ganinsa, ran hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Gwandu ko ta Sarkin Kabi a Argungu. Cikin mutum ɗari da wuya a sami biyu da suka taɓa sa ƙafa a likkafarsa. Amma in aka ce ingarma ya ka da wane yana cikin sukuwa, ba wanda ke dariya, salati ake yi. Da za ka je wurin mai ɗori ka ce ya ƙirga maka waɗanda ya ɗaure wa kara a zamanin da, na jaki za su fi yawa nesa ba kusa ba, don jaki ne a kowane gida. Da kuma za a ce maka yau ɗanka zai hau ɗaya daga cikin biyun ya yi gudu, ba ka buƙatar shawarar kowa kafin ka nuna jaki. Bakanike lissafin mai ɗori yake yi. Dattijo lissafin uba yake yi.

Boxer ɗin kamfanin Bajaj na Indiya, da 'yan uwansa irin su Jincheng da Haojue da Daylong, su ne jakunanmu na yau. Su ne 'yan kabu-kabu ke neman tuwo da su, su ke kai injin ban ruwa fadama, su ke kawo buhun shanshera gida, su ke kai mai naƙuda asibiti. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har masu mota da dama sun jingine ta sun koma kansu. Wancan da ya wuce mu kuwa, wanda samari ke kira pawa-bayik, daga filin tsere aka samo zubinsa, aka liƙa masa fitila da lamba aka sake shi a titi.

Abin dariya, Turawa ma da doki suke auna ƙarfin inji. Injin Boxer na cc 100 ƙarfinsa wajen dawaki 8 ne. Yamaha R1, wanda aka fara fitarwa a 1998, injinsa cc 998 ne, kuma ƙirar baya-bayan nan ƙarfinta ya kai wajen dawaki 200. Nauyinsa kuwa bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba, wato bai cika ninki biyu na Boxer ba. Ka ɗauki jaki biyu ka zuba musu ƙarfin jakuna ashirin da biyar, ka ba yaro ragama. Daga tsaye cik yana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa uku ko kusa da haka, kafin ka gama amsa sallama ke nan. Giyar farko kaɗai ta wuce iyakar gudun Boxer, saura biyar suna jira. Suzuki Hayabusa da ya fito a 1999 ya haura kilomita 300 a sa'a, har manyan kamfanonin suka tsorata kada gwamnatocin Turai su hana shigo da irinsa, suka yi yarjejeniya a tsakaninsu suka tsayar da gudun baburansu a kan 299. Dokar hanya ta Nijeriya kuwa kilomita 50 ta yanke wa babur.

A Amurka, inda kowane babur yake da rajista kuma ake rubuta kowace mutuwa ta hanya, an yi lissafin uba da alƙalami. Wata cibiya da kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, IIHS, ta fitar da bincike a 2007. Ta duba shekarar 2005, ta ga cikin kowane babur 10,000 na zubin tsere, mahaya 22.5 ne suka mutu. Cikin 10,000 na baburan da ake hawa a miƙe, ana tafiya a natse, 5.7 ne. Kusan ninki huɗu. Baburan tseren ba su kai kashi 10 cikin ɗari na baburan ƙasar ba, amma sun haura kashi 25 na mahayan da suka rasu. A kashi 57 na haɗurransu na kisa an ambaci gudu, a ɗaya rukunin kashi 27. Da dattijon nan ya ji wannan, da ya gyara zama ya ce ai na faɗa.

Sai dai akwai wani adadi a binciken da ya fi tsaya mini a rai. Matsakaicin shekarun waɗanda suka mutu a kan babur ɗin tsere 27 ne. Na ɗaya rukunin 44, na manyan baburan doguwar tafiya 51. Wannan kowane Shamaki ya san shi ba tare da ya je Amurka ba. Ran hawa, tsofaffin hakimai dokin da ya natsu suke nema, mai tafiyar ƙasaita, wanda zai kai su ya dawo da su rawani bai karkace ba. Wanda ke cin linzami yana tsalle yana haƙa ƙasa da kofato, samari ne ke rububinsa, kuma don tsallen suke sonsa. To in ya ka da mutum, laifin wa? Na dokin, ko na jinin da ke tafasa a kansa? Masu son pawa-bayik nan suke fakewa. Suna cewa babur ƙarfe ne, iyakar abin da ka murɗa shi zai ba ka, kuma saurayin da zai kashe kansa a kan R1 ko keke ka ba shi sai ya nemi gangara.

Rabin maganar gaskiya ce, ban yarda da sauran rabin ba. Abin hawa yana da nasa kiran. Na taɓa zama a kan irin wannan babur a tsaye, wani ɗan'uwa ya kawo shi gida lokacin biki, ko tayar da shi ban yi ba. Mazaunin ya ɗaga ta baya, hannuwan sun yi ƙasa, matakan ƙafa sun koma baya, dole ka duƙa ƙirjinka ya kusa taɓa tanki. Zaman wanda zai ruga ne. Mai shi ya ce mini in yana tafiya a hankali cikin gari wuyan hannunsa ciwo yake yi, injin ya yi zafi ya gasa masa cinya, sai ya haura ɗari iska ta tallafe ƙirjinsa sannan yake jin daɗi. Abin hawan da ke hukunta ka in ka tafi sannu, ya saka maka in ka yi gudu, ba za a ce ba ruwansa ba. Jaki in ka matsa masa ya yi sauri, tsayawa yake yi ya dube ka. Boxer ma in ka kai shi tamanin sai ya hau kakkarwa yana kuka, kai da kanka ka ji tausayinsa ka sassauta. Wancan a ɗari da hamsin ko gumi bai fara ba, sai ka ɗauka tafiyar sittin kake yi.

Haɗarin gudu kuma ba ya ƙaruwa yadda kuɗin kasuwa ke ƙaruwa, ɗaya da ɗaya biyu. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa, haka ma tazarar da birki ke buƙata. Na fi gane abin da bishiya. Wanda ya daki bango yana tafiyar kilomita 40, kamar ya faɗo daga tsayin mita 6 ne, reshen mangwaro na sama. Akan karye, akan tashi. A kilomita 60 tsayin ya zama mita 14, kan matsakaiciyar giginya. A kilomita 120 kuwa mita 57 ne, giginya huɗu an ɗora wata kan wata. Ba a tambayar wanda ya faɗo daga nan ko gwanin hawa ne. Sannan akwai ɗan lokacin da ke tsakanin ido ya ga akuya da hannu ya kai ga birki, wajen daƙiƙa guda. Mai tafiyar 60 ya ci mita 17 a cikinta. Mai tafiyar 180 ya ci mita 50, rabin filin ƙwallo, bai ko taɓa birkin ba tukuna.

Abin da magabata suka gane game da ingarma shi ne ba a sukuwa ko'ina. Sukuwa tana da fili da rana. Dogarai su kore mutane gefe, a share hanya, kowa ya san dawaki na tafe, mahayi ya zo a guje ya yi zamiya a gaban Sarki ya ɗaga hannu. Ba wanda ya taɓa ganin mai hankali ya saki linzami a tsakiyar kasuwar Ambursa ran cin kasuwa. Inda aka ƙera waɗannan babura ma haka ne, suna da filayen tsere masu shimfiɗaɗɗiyar kwalta, an zuba tsakuwa a bakin kowace kwana don wanda ya zame ya gangara, motar asibiti tana tsaye.

Yanzu dubi hanyarmu. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce, kuma a miƙe take ta yadda za ta yaudari mai totur a hannu. Amma hanya ce da ake rayuwa a kanta. Lokacin girbi mata na shanya shinkafa a kafaɗarta. Amalanken shanu na hawowa daga fadama ba fitila ba madubi. Garken Fulani na tsallakawa a lokacin da ya ga dama, raƙumi ya fito daga bayan geza da kaya sun fi shi faɗi, manyan motocin da ke kai shanshera masana'antun Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu su tsaya inda dare ya same su, alamar da za su sa maka ganye ne. Iskar hunturu ta kwaso rairayi ta shimfiɗa a kwana. Almajiri ya hango abin sadaka a tsallake. Tayar babur ɗin tsere, duk faɗinta, abin da ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba, kuma rairayi bai san kuɗinta ba.

Wuri ɗaya na sani a duk ƙasar nan da ya dace da shi, kuma a Ambursa yake: titin tashin jirage na filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, inda alhazanmu ke tashi. An share shi, an kewaye shi da waya, ba akuya ba amalanke. Jirgin da ke ɗaukar alhazai gudun da yake yi kafin ya bar ƙasa kusan ɗaya ne da na Hayabusa. Shi jirgi in ya kai wannan gudun sama yake yi, kuma sai da aka share masa fili sannan aka bar shi ya gwada.

To sai lissafin bakanike, wanda shi ne ya fi shafar gidajenmu. Pawa-bayik nawa ne a jihar Kebbi duka? Sai ka yi mako a bakin titin nan ba ka ga ɗaya ba. Boxer kuwa kafin ka shanye kofin shayi hamsin sun wuce. Kuma dubi yadda suke wucewa. Miji a kan tanki, mata biyu a baya, goyo a bayan ta ƙarshe, ɗan yaye a gaba ya riƙe madubi. Ko buhu biyu na shanshera an ɗaure da roba, mahayin ya matsa har gwiwarsa na taɓa fitila, tayar gaba da ƙyar take shafar ƙasa. Ko jarkokin fetur shida. Birkin da aka yi don mutum biyu shi ake so ya tsayar da nauyin biyar. Taya ta suɗe kamar tafin jariri, a ce ai da saura. Fitila ta mutu, a kama tocilan da baki. Mun ɗauko ɗabi'armu da jaki kacokan mun ɗora wa inji: a yi masa lodi har sai ya durƙusa, in ya tashi to ya iya. Mun manta jaki tafiyar ƙafa yake yi, wannan kuwa da lodin nasa yana kai ka kan giginya.

Ni ma jakin ne ya ka da ni. Wata safiya ina sauri, tunkiya ta fito daga lungu, na damƙe birkin gaba a kan rairayi. Gudun bai kai arba'in ba. Na yi wata biyu da kara a hannu, kuma har yau in hunturu ya shigo wuyan hannun ne ke fara sanar da ni. Kaina ya daki ƙasa, hular da ke kai zanna ce, ta yi nata wuri. Likitan da ya duba ni ya ce da dutse ne a wurin maimakon rairayi, da wani zancen ake yi. Ina da hular kwano a lokacin. Tana rataye a ƙusa a zaure, har zanzaro ya yi gini a ciki.

Labarinmu da hular kwano abin a yi dariya ne a kuma yi kuka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa ta ran 1 ga Janairun 2009. Cikin kwanaki labari ya zaga duniya cewa a Kano wasu 'yan acaɓa ƙwarya suke kifawa a ka su ɗaure da igiya. Fasinjoji suka ce ba za su sa hular da wani ya sa ba, ko don ƙwarƙwata ko don tsoron asiri. Masu rawani suka ce ina za a kai rawanin, mata suka ce ɗaurin ɗankwali fa, kowa ya ce zafi. Zafin Kebbi a watan Afrilu gaskiya ne, ban musa ba. Amma ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa ita ce hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da wajen kashi 70. Dokar ta yi 'yan watanni ta kwanta. Sabo turken wawa.

Nan kuma dole in yi wa mai ingarma adalci. Wanda ya wuce mu ranar nan yana da hula mai rufe fuska, da riga mai kauri, da safar hannu, da takalmi har ƙwauri. Birkinsa na faifai ne, kuma yawancin sababbin suna da na'urar da ke hana taya kullewa in an damƙe birki da ƙarfi, wadda da Boxer ɗina yana da ita da wataƙila tunkiyar nan ba ta karya ni ba. Da za a ɗaure shi a kan tafiyar sittin, shi da ɗan kabu-kabu mai silifa da hular saƙa su faɗi tare, shi zai tashi ya kakkaɓe jiki. Matsalar ita ce ba don tafiyar sittin ya sayi abin ba. Sulken nan nasa na faɗowa daga giginya ɗaya ne, ba a ƙera na huɗu ba tukuna. A watan Disamban 2017 ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya faɗi a kan irin wannan babur a Gwarimpa cikin Abuja, ya karye ya kuma ji rauni a kai. Ya rayu, bayan manyan likitoci sun taru a kansa an kuma fita da shi waje. Wanda ya faɗi tsakanin Ambursa da Zauro bayan magariba, a bayan a-kori-kura za a kai shi Birnin Kebbi, in an sami mai tsayawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma ba ɗayansu ba ne. Shi ne yaron da ke da jaki amma zuciyarsa ta ingarma ce. Za ka gan su ran ɗaurin aure ko kai amarya, ko an ci zaɓe. A cire wa Boxer salansa don ya yi ƙara, a cire madubi don ya yi kyau, yaro ya kwanta rub da ciki a kan kujera ya miƙe ƙafafu baya, ko ya ɗaga tayar gaba, ko ya saki hannu biyu yana tafi, 'yan mata na guɗa. Ya ɗauko gudun mai pawa-bayik bai ɗauko hularsa ba, ya ɗauko gangancinsa bai ɗauko birkinsa ba. Ba biki ɗaya ba biyu ba aka tashi daga gidan ango aka wuce gidan gaisuwa. In an yi magana a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ban taɓa ganin wanda ya faɗi haka ya bar rijiyar gidansa a buɗe yara na wasa ba.

A wuri ɗaya kwatancen nan nawa ya gaza, kuma gazawar ba ta yi wa babur daɗi ba. Doki yana da ido, yana son ransa. In ya hango rami yakan tirje ko ka sa masa ƙaimi, in ya ga yaro a gabansa yakan kauce. Jakinmu sau nawa ya kawo ni gida ina gyangyaɗi a bayansa, ya tsaya a ƙofar zaure yana jiran a sauke ni. Hankali biyu ne a kan hanya, in ɗaya ya yi barci ɗaya na gani. A kan babur, na dawaki 8 ne ko na 200, hankali ɗaya ne tak, kuma sau da yawa shekarunsa ba su kai ashirin da biyar ba.

Bayan kwana biyu na koma rumfar, birkin yana ƙara. Na tarar da dattijon nan ya zo karɓar babur ɗinsa. Ya biya kuɗin faci, aka taya shi ɗora injin ban ruwa a baya, aka ɗaure da roba, aka rataya jarka biyu hagu da dama, tiyo a naɗe a wuyansa. Jikansa ɗan shekara bakwai ya haye tanki. Bakanike ya duba tayar baya ya ce, "Baba, wagga taya ta gaji fa."

"Ta kai ni kaka in Allah ya so," in ji shi. Ya gyara hularsa ta saƙa, ya yi bisimilla, ya taka ya hau kwalta bai waiwaya ba. Wata tirela da ke tafe daga Argungu ta danna masa oda mai tsawo, ya ɗaga mata hannu.